Yadda ake gano abin da ke hana babbar bindigar farauta ɗaukar harsashi

Wannan bayani na wanda ke riƙe da babbar bindigar farauta ne bisa lasisi, ko wanda aka damƙa wa amanar kula da ita a sansanin farauta, irin waɗanda ke kewaye da gandun dajin Binuwai, Faro da Buba Njidda a arewacin Kamaru, ko na can Tanzaniya da Zambiya. Bindigogin da nake nufi su ne masu sakata, wato ƙarfen da ake ja baya a tura gaba da hannu don ɗana harsashi, waɗanda ake ɗana wa harsasai irin .375 H&H, .404 Jeffery, .416 Rigby, .458 Winchester ko .458 Lott, wato na ɓauna da dorina da giwa. Harbin farko ba kasafai yake ba da wahala ba, domin a natse aka ɗana shi. Na biyu shi ne abin ji: ɓauna ta sha harsashi ta juyo, ka ja sakata ka tura, sai ta cije a rabin hanya.

Mafi yawan irin wannan cikas ana gano shi, a kuma magance shi, ba tare da an ci ƙarfen bindiga ko ƙwarzane ba. Don haka na jera matakan daga mai sauƙi zuwa mai haɗari. Bi su a jere, kuma abu ɗaya za ka riƙa canzawa kafin ka sake gwadawa, in ba haka ba ko ta gyaru ba za ka san abin da ya gyara ta ba.

Kayan aiki

- Harsasan gwaji, marasa albarushi kuma marasa ƙyastu (ɗan abin da allurar bindiga ke doka ya tada wuta) a gindi, adadin da zai cika gidan harsashi har da ƙarin ɗaya. Lallai kansu ya zama irin na waɗanda kake farauta da su. Na roba da ake sayarwa don gwada kunama ba su da nauyi, ba za su nuna maka gaskiya ba.
- Ma'aunin tsawo mai baki biyu, irin na masu aikin injin juya ƙarfe.
- Sukundireba da bakinta ya cika tsagar kusa daidai.
- Baƙar maka, tocila, da waya mai ɗaukar bidiyo a hankali.
- Tsohon buroshin haƙori, tsumma mai tsabta, da man wanke bindiga. In babu, kananzir kaɗan zai yi, amma kada ya taɓa katakon ƙota.
- Samfefa mai laushi, lamba 600, da fensir.
- Takarda da biro.

Ka lura ban sa magagari ko injin gurza ƙarfe a jerin ba. Da gangan na bar su.

In ba ka da harsasan gwaji, kada ka ce za ka farke masu rai da filaya. Cire allurar bindiga daga cikin sakata, sannan ka gwada da masu rai a fili, bakin bindiga na kallon tudun ƙasa. A Mauser 98 da Winchester Model 70 ba a bukatar kayan aiki: ka ɗana sakata, ka sa makullin tsaro a tsakiya, ka zare sakatar, ka danna ɗan maɓallin da ke riƙe da bayanta, ka warware. Ajiye allurar inda idonka ke ganinta har ka gama.

Abin da ya kamata ka sani tukuna

Bindigogi masu sakata iri biyu ne. Na farko tsarin Mauser ne na 1898, wanda ke cikin Brno ZKK 602, CZ 550 da Winchester Model 70 na kafin 1964. Yana da doguwar ƙugiya a gefen sakata. Da harsashi ya taso daga gidansa, gindinsa zai shige ƙarƙashin ƙugiyar, ta riƙe shi har mazauninsa a cikin bututu. Na biyu, irin Remington 700, sakata tura harsashin kawai take yi a sake, ƙugiyar ba ta kama shi sai an rufe. Kowanne da irin cutarsa, saboda haka ka san wanne ke hannunka.

A duka biyun hanyar harsashi ɗaya ce. Sifirin ya ɗaga tire, wato farantin da harsasai ke zaune a kansa, tire ya ɗaga harsashi ya manna shi da leɓɓan ƙarfe biyu da ke saman gidan, sakata ta ture gindinsa, kansa ya hau gangaren da ke kaiwa mazauni, leɓɓan su sake shi, ya shiga mazauni. Aikinka shi ne gano a wace gaɓa tafiyar ke tsayawa.

1. Sauke bindiga, ka raba harsasai

Buɗe murfin ƙasa na gidan harsashi, ja sakata baya, duba mazauni da ido, ka kuma sa ɗan yatsa. Fitar da duk harsashi mai rai daga ɗakin da kake aiki. Shafa wa na gwaji baƙar maka a gindi don kada wata rana su shiga ɗamarar farauta.

2. Sa matsalar ta bayyana, ka rubuta

Cika gidan harsashi, ka sarrafa sakata a hankali har ya ƙare. Sake cikawa, ka yi da ƙarfi da sauri kamar dabba na tafe. Maimaita bakin bindiga na sama, yana ƙasa, sannan bindigar a kishingiɗe ta dama da ta hagu. Wani ya ɗauka maka bidiyo daga sama.

Duk lokacin da ta cije, tsaya cak. Kada ka buga sakatar da tafin hannu. Haska tocila ka rubuta abu uku: harsashi na nawa ne, daga wane gefe ya taso, kuma me ya tokare. Gefen yana da muhimmanci sosai, domin harsasan a karkace suke jere, ɗaya dama ɗaya hagu. In kullum na hagu ne ke cijewa, laifin na leɓe ɗaya ne ko gefe ɗaya na gangare. In kullum na ƙarshe ne, tire ko sifirin za ka tuhuma. In na farko ne kawai, wataƙila cusa wa gidan kake yi fiye da cikinsa. Akwai bindigar da aka ce tana cin biyar amma huɗu take sarrafawa lafiya, to ka ba ta huɗun.

3. Duba hannunka

Wannan mataki ne masu bindiga ba sa son ji. Tsawon .375 H&H da .458 Lott ya kai milimita 91, na .416 Rigby milimita 95. Wanda hannunsa ya saba da ƙaramar bindiga yakan mayar da sakata gaba tun ba ta kai ƙarshen baya ba, musamman in yana tsoron ta doke shi a fuska. Sakamakon ɗaya ne cikin biyu. Ko sakata ta wuce ta saman harsashi ta rufe a kan mazauni wayam, ka ja kunama ka ji ƙas. Ko kuma kwanson da aka harba bai fita ba, sabo ya taso ya haɗu da shi. A tsarin Mauser abin da ke tunkuɗo kwanso a can baya yake kafe, sai sakata ta kai masa da ƙarfi kwanson ke tashi.

A bindiga mai turawa a sake akwai wani kuskuren: ka tura rabi, ka yi shakka, ka ja baya, ka sake turawa. Na farko yana mazauni, na biyu ya soki gindinsa. Wannan cikas ba ya warwaruwa da sauri, kuma in kan na biyu mai tsini ne yana iya dukan ƙyastun na farko.

Ba wani gogaggen maharbi bindigar ya gwada. In a hannunsa ba ta cije ba, maganin atisaye ne: ja har ka ji ƙarfe ya doki ƙarfe, tura har ƙarshe, bindiga tana kafaɗa.

4. Auna harsasai

Haurin irin waɗannan bindigogi ba wasa ba ne. Kan .375 yakan yi giram 19, na .416 giram 26, na .458 giram 32. Idan aka harba, bindiga na komawa baya da ƙarfi, bangon gaba na gidan harsashi ya doki hancin waɗanda ke ciki. Mai hancin dalma sai ya baje ya yi leɓe. Wanda ba a matse bakin kwansonsa da kyau ba, kan sai ya nutse ciki. Wanda ya fi shan wannan duka shi ne na can ƙasa, domin mutane sun saba su harba ɗaya su ƙara ɗaya a sama, na ƙasan ya yi wata da watanni yana karɓar hauri.

Jera su a kan tebur, auna kowanne, ka kwatanta da sabo daga kwali. Wanda ya gajarce ka ware shi, kada ma ka harba shi, domin nutsewar kai na ƙara matsin wuta. Wanda ya lotsa a kafaɗa, ko ya yi kore saboda zama cikin ɗamarar fata, shi ma ka ware. Shafa yatsa a bakin kwanso: in akwai kaifi, musamman a .458 da ba shi da kafaɗa, yana iya kama bakin mazauni.

Su .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, da .458 duka biyu, suna da ɗamara a gindi. In ɗamarar na sama ta zauna a bayan ta na ƙasa, tana iya harɗe ta lokacin turawa. Saboda haka duk wanda ka sa, danna shi ƙasa ka tura shi baya har ya taɓa bango. Wannan ya fi faruwa ga masu sa .458 Winchester a bindigar Lott. Harbin yana yiwuwa, amma na Winchester ya gaza tsawo da wajen milimita 6 da rabi, yana yawo gaba da baya a cikin gidan.

5. Wanke, ka bar shi a bushe

A arewacin Kamaru da rani ake farauta, ƙura kuwa ba a magana, bindiga na bayan mota tun asuba. Mai ya haɗu da ƙura ya zama kamar kunun kanwa da ya kwana, ya riƙe tire ya hana shi tashi da sauri. Cire tire da sifirin, goge cikin gidan, ƙarƙashin leɓɓa, bayan ƙugiya da mazauni. Cikin gidan harsashi ba ya son mai ko ɗigo. Jikin sakata kuwa shafa kaɗan ka goge. In ka ga tsatsa a mazauni, buroshin tagulla da man wanki, ba samfefa ba.

Sake gwajin mataki na 2. Bindigogi da dama a nan suke warkewa.

6. Tire, sifirin da murfin ƙasa

Danna tire da fensir a gaba, a tsakiya, a baya. Ya kamata ya sauka ya dawo sumul. In ya karkata ya maƙale, duba ko gefensa na gogar bango, ko akwai lotsawa a jikin akwatin gidan harsashi. Sifirin ɗin mai lanƙwasa ne, kuma yana da gaba da baya. Sau da yawa wani ya wanke bindiga ya mayar da shi a juye, sai hancin harsashi ya riƙa dukan ƙasan gangare ko gindinsa ya ƙi tasowa sakata ta wuce ta samansa. Ɗauki hotonsa kafin ka cire.

Sifirin da ya gaji, sabo ake sawa. In kana daji babu sabo, kana iya buɗe lanƙwasarsa kaɗan da hannu ya kai ka ƙarshen farauta, amma wannan ba ya daɗewa, kuma in ka matsa masa zai karye a gwiwa. Duk mai irin wannan bindiga ya kamata ya ajiye sifirin na biyu a jakarsa.

Sannan murfin ƙasa. Rufe shi, ka doki gindin ƙota da tafin hannu da ƙarfi, ka ja murfin da farce. Maɓallinsa ya kama sosai, ba da ɗan baki ba. Hauri na iya buɗe murfin da maɓallinsa ya yi sanyi, harsasai su zube a ƙafarka bayan harbin farko. A bindigogin da maɓallin ke cikin zoben kunama, yatsa ma na iya dukansa. Maganin wucin gadi shi ne a naɗe murfin da salatif mai ƙarfi, na dindindin kuwa sabon sifirin maɓalli.

7. Kusoshi

Sassauta kusoshin da ke haɗa ƙarfe da ƙota rabin juyi, ka sarrafa sakata da harsasan gwaji. In ta saki, to ɗaurin ne ke murɗa ƙarfen ko yake matse akwatin harsashi. A bindigogin da akwatin ke a ware, yakan goce daga gurbinsa lokacin mayarwa, a ɗaure kusa a kansa. In ka buɗe murfi ka taɓa shi, ya kamata ka ji yana ɗan motsi. Katako ma na kumbura da damina ya tsuke da rani, kusar da ta yi daidai a watan Agusta ta zama sako-sako a Maris.

In hannun sakata ne ke ƙin sauka ko da babu harsashi, kusar gaba ta ƙota ko ta gindin madubin saiti ta yi tsawo, ta leƙo inda haƙoran da ke kulle sakata suke juyawa. Shafa maka a haƙoran, rufe, buɗe, za ka ga inda ta karce. Kusar ake ragewa, ba haƙori ba. Kada ka manta ka mayar da ɗaurin kafin harbi.

8. Ƙugiya da fuskar sakata

A tsarin Mauser, zare sakatar, ka zura gindin harsashin gwaji ƙarƙashin ƙugiya daga ƙasa da yatsa. Ya shiga da ɗan tauri kaɗan, kuma in ka riƙe sakatar a kwance ka girgiza ta a hankali kada ya faɗi. In sai ka yi da ƙarfi yake shiga, ƙugiyar ta matse da yawa. Alamarta a bindiga ita ce harsashi ya tsaya a karkace, kansa a bakin mazauni, gindinsa bai gama hawa fuskar sakata ba, kuma za ka ga ɓarɓashin tagulla. In kuwa faɗuwa yake yi, ta yi sanyi, harsashi zai riƙa tsere mata.

Shafa farce a ƙasan bakin ƙugiyar da kewayen ramin allura. In akwai kaifi, 'yar shafa da samfefa ta isa ta kashe shi. Lanƙwasa ƙugiya don ƙara ko rage ƙarfinta aikin mai gyaran bindiga ne.

Ga kuskuren da ke karya ƙugiya: jefa harsashi kai tsaye cikin mazauni a rufe sakata a kansa. Ainihin Mauser ba a yi ta don haka ba. Kullum danna harsashi cikin gidansa tukuna, sakata ta ɗauko shi. In ya riga ya faru, matse tsakiyar ƙugiyar da yatsu yayin rufewa, bakinta zai ɗan buɗe ya haye. In ya ƙi, ja sakata baya, ka turo harsashin da sandar wanki ta baki.

A mai turawa a sake, danna ɗan ƙarfen da ke leƙowa a fuskar sakata, wanda ke tunkuɗo kwanso. Ya shige ya dawo da kansa. Ɓarɓashin tagulla na yawan maƙale shi.

9. Gangare da bakin mazauni

Sai yanzu muka zo inda ake taɓa ƙarfe, shi ma da ƙyar. Baƙanta kan harsashin gwaji da kafaɗarsa da maka, baƙanta gangaren, ka tura a hankali har ya cije. Fitar da shi ka karanta. Inda baƙin ya goge, nan ne suke haɗuwa. Dogon karce a jikin kwanso daga kafaɗa zuwa gindi na nuna kaifi a ƙarƙashin leɓe. Tabo a gefen hanci na nuna bakin mazauni ko gefen gangare.

Harsasai masu kan ƙarfe zalla da hanci a baje, waɗanda ake so saboda suna ratsa dabba a miƙe, su suka fi kawo wannan cikas. Tsofaffin bindigogi da yawa don mai zagayayyen hanci aka yanka gangarensu. In taka tana cin mai zagaye lafiya tana ƙin mai baje, ni shawarata ka koma mai zagayen. Harsashin da ya shiga ya fi wanda ya fi shi kyau a takarda.

In gangaren na da sawun injin da farce ke ji, toshe mazauni da tsumma, naɗa samfefa a fensir, ɗiga mai, ka goga daga ƙasa zuwa sama, yadda harsashi ke tafiya. Sheƙi kake nema, siffar gangaren ta zauna yadda take. Goga kaɗan, wanke, gwada. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, naman ƙarfen da ke bayan gangaren shi ne ke tokare haƙorin sakata na ƙasa lokacin harbi, kuma matsin wutar .375 H&H na iya kaiwa bar 4,300, wato fiye da ninki dubu huɗu na matsin iskar da muke shaƙa. Wanda ya zurfafa gangare da injin gurza ya rage abin da ke tsakanin wannan wuta da fuskarsa. Bakin mazauni kuma kada ka faɗaɗa shi, nan ne ke tallafe gindin kwanso.

10. Leɓɓa

In harsashi na tsalle ya fice tun sakata ba ta yi nisa ba, ko duk su watso sama in ka ja ta da ƙarfi, leɓɓan sun yi faɗi. In suna riƙe shi har hancinsa ya soki saman mazauni, sun yi ƙunci ko sakinsu ya yi latti. Wannan ya fi yawa a tsofaffin Mauser na soja da aka ƙera don ƙaramin harsashi 8x57, daga baya aka sa musu babban bututu, ko bindigar .458 Winchester da aka faɗaɗa ta koma Lott ba a gyara gidan harsashinta ba.

A nan ka tsaya. Ƙarfen da aka ci daga leɓe ba ya dawowa, kuma abin da ke raba daidai da ɓaci bai kai kaurin takarda biyu ba. Kai ta wurin mai gyaran da ya saba da manyan bindigogi, ka haɗa masa da harsasan gwajinka, da takardar da ka rubuta, da bidiyon. Faɗa masa ainihin harsashin da za ka yi farauta da shi, domin a kansa zai daidaita ta.

11. Gwaji da wuta

Gyaran da aka yi a kan tebur bai tabbata ba sai an harba, tunda hauri ne ke tono rabin matsalolin. A filin gwaji, cika gidan, harba duka a tsaye da sauri, bindiga ba ta bar kafaɗa ba. Sannan auna harsasai biyu, sa su a ƙasa, ka riƙa harba na sama kana ƙarawa har sau biyar ko shida. Fitar da na ƙasan ka sake aunawa. In sun gajarce ko hancinsu ya baje, wannan samfurin bai dace da bindigarka ba, ko kuma sai ka sa mai ɗura maka harsasai ya ƙara matse bakin kwanso. Duba murfin ƙasa da kusoshi bayan kowane zagaye.

In hannun sakata ya yi tauri wajen ɗagawa bayan harbi, musamman da rana tsaka, wannan ba matsalar ɗauka ba ce, matsin wuta ne ya yi yawa. Daina harbi da wannan kwalin, kuma kada ka riƙa barin harsasai a gaban mota cikin rana.

Daren da za a fita, cire allura, ka bi da kowane harsashin da zai shiga ɗamararka ta cikin gidan zuwa mazauni, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi ko ɗan tauri ka ajiye shi don filin gwaji. Mayar da allurar, tabbatar mazauni wayam yake, ka gwada makullin tsaro da kunama kafin ka rataye bindigar.